Neman Aiki Da Shaidar Intanet: A Daina Yanke Hukunci Babu I'izari

Shekara biyu ke nan da wata ƙungiyar agaji, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta gayyace ni in zauna cikin kwamitin tantance matasan da take son ɗauka aikin tafinta da tattara bayanai a wasu ƙauyukan Tsafe da Bungudu da ta'asar 'yan bindiga ta ɗaiɗaita. Abin da aka ɗora mini bai taka kara ya karya ba, wato in auna Hausar kowane mai nema da Ingilishinsa, in ga ko zai iya juya maganar tsohuwar da ta yi gudun hijira ba tare da ya rage ko ya ƙara mata gishiri ba. Cikin waɗanda muka gana da su a Gusau akwai wani saurayi ɗan 'Yankuzo, wanda ya taɓa zama ɗalibina. Na sanar da kwamitin haka tun da farko, na kuma janye daga ba shi maki. Duk da haka shi ya zo kan gaba, domin ya san hanyoyin dajin, ya san karin harshen mutanen, ga kuma natsuwa.

Washegari da aka fito da sunaye, babu nasa. Da na tambayi dalili sai jami'ar da ke kula da ɗaukar ma'aikata, mace mai kirki wadda ba ta jin Hausa, ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini abu biyu. Na farko, ta rubuta sunan yaron a Google, sai kalmar 'Yankuzo da ke ƙarshen sunansa ta jawo mata shafi bayan shafi na labarin wani ƙasurgumin ɗan bindiga. Na biyu, ta shiga shafinsa na Facebook ta tarar da wani rubutu da ya yi a kakar 2021, inda ya ce madalla da iyayen gidanmu na daji, bana ma sun yi mana adalci, buhu goma kacal suka kwasa suka bar mana biyu. Na'urar fassara ta juya mata wannan magana tsaf, kalma bayan kalma, ta zama godiya da yabo ga ɓarayin daji. Na yi mata bayanin cewa wannan gatse ne, kukan ɗan manomi ne da aka ƙwace wa guminsa, babu Bahaushen da zai karanta ya ɗauka yabo ne. Ta gamsu da bayanina, amma ta ce sunaye sun riga sun tafi babban ofis, kuma ita ba za ta ɗauki kasada ba. Na yi shiru. Wannan shirun nawa yana daga cikin abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Kada mai karatu ya zaci cewa abin da jami'ar nan ta yi baƙon abu ne. Kamfanin CareerBuilder na Amurka ya daɗe yana gudanar da ƙuri'ar jin ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata a can, kuma a ta shekarar 2018 ya gano cewa kashi 70 cikin ɗari suna leƙa shafukan sada zumunta na masu neman aiki. Kashi 57 na masu leƙawar sun ce sun taɓa ganin abin da ya sa suka fasa ɗaukar mutum. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kashi 47 sun ce idan suka neme ka a intanet suka rasa, to da wuya su kira ka ganawa. Ke nan gaba kura baya siyaki: ka yi magana a kama ka da ita, ka yi shiru a ce kana ɓoye wani abu. Tun daga 2019 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta wajabta wa masu neman biza su rubuta sunayen shafukan da suka yi amfani da su cikin shekara biyar, a watan Yunin 2025 kuma ta umarci ɗalibai masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu kowa ya gani. Duk malamin jami'ar da ya taɓa rubuta wa ɗalibinsa takardar neman tallafin karatu a waje ya san wannan.

A nan gida dalilin ya ma fi ƙarfi, saboda yawan masu nema. Lokacin da Hukumar Kwastam ta buɗe ɗaukar ma'aikata a ƙarshen 2024, mutum fiye da 570,000 ne suka nemi gurabe 3,927. Wanda aka tara wa takardu haka a gabansa, aikinsa ya tashi daga neman wanda ya fi cancanta ya koma neman hujjar rage tulin, kuma babu hujja mai arha kamar rubutun da mutum ya yi da hannunsa. Mun kuma san yadda ake samun aiki a ƙasar nan, domin binciken da kwamitin Majalisar Wakilai ya yi a 2023 kan cinikin guraben aiki ya fasa ƙwai a bainar jama'a. Wanda ya zo da katin sanata ba a tona masa tsohon shafi. Wanda ya zo da takardunsa kaɗai, shi ake bi da fitila.

Ba na cikin masu cewa a hana mai ba da aiki yin bincike. Bahaushe bai taɓa ɗaukar yaron shago ko ya ba da 'yarsa aure ba sai ya tambaya. Akan je wurin mai unguwa, a je wurin liman, a tambayi abokan tashi da maƙwabta. Har gobe mai neman shiga aikin ɗan sanda ko soja sai ya kawo takardar asali daga ƙaramar hukuma da kuma masu tsaya masa. A yanki irin namu kuwa, inda masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka zama annoba, inda su kansu 'yan bindigar ke baje kolin kuɗin fansa a TikTok matasa suna bin su da roƙo, wauta ce a ɗauki mutum aikin tsaro ko aikin rabon kayan agaji ba a duba wa yake yi wa kirari ba. Da gwamnatin Dauda Lawal za ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024, babu mai hankalin da ya ƙi a tantance su. Haka nan wanda ya mai da shafinsa dandalin cin mutuncin mata, ban ga dalilin da zai sa a damƙa masa ajin 'yanmata ba.

Inda take ƙasa tana dabo shi ne bambancin shaidar mai unguwa da shaidar na'ura. Mai unguwa ya san yaron tun yana rarrafe. Ya san lokacin da ya yi ƙuruciya, ya san lokacin da ya shiryu, kuma idan aka tambaye shi a yau zai ba da labarin mutumin da ke raye a yau. Sa'annan yana da fuska, idan ya yi ƙarya gobe za a haɗu da shi a masallaci. Intanet kuwa ba ta mantuwa kuma ba ta san tuba ba, maganar da yaro ya yi yana ɗan shekara sha bakwai tana nan ɗanya shakaf ranar da ya cika talatin. Ba ta kuma rarrabe abin da mutum ya faɗa da abin da aka faɗa a kansa, ko wanda aka faɗa a kan mai irin sunansa.

A nan zan ɗan tsaya, domin fagena ne. Magana ba ta ƙarewa a kan kalmomin da aka furta. Ma'anarta tana rataye da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da wurin, da lokacin, da muryar da aka yi amfani da ita. Hausa kuwa harshe ne da ya cika da zance mai harshen damo. Muna da gatse, inda uwa ke ce wa ɗanta ci gaba da wasa da wuƙar, ai abin kirki kake yi. Muna da habaici da zambo da ba'a da shaguɓe. Muna da wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, inda mutum zai kira abokinsa bawana a tsakiyar kasuwa a yi dariya a tafa. Ka ɗauko irin wannan raha daga ƙarƙashin hoton bikin wani, ka miƙa wa wanda bai san al'adar ba, nan take ta zama ƙabilanci. Saurayi kan ce wa ɗan ƙwallon da ya burge shi shegen yaro, kuma babu yabon da ya fi wannan a bakinsa. Kalmar kashe kaɗai ta isa misali: muna kashe kuɗi, muna kashe fitila, muna kashe aure, muna kashe magana, masu kallon ƙwallo kuma duk mako sai sun kashe wani.

Ƙari a kan wannan, rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, yawancin masu rubutu a waya kuma ba sa sa ƙugiya a haruffa. Saboda haka baki da baƙi sun zama ɗaya, kare da ƙare sun zama ɗaya, kasa da ƙasa sun zama ɗaya. Bahaushe yakan warware wannan ba tare da ya ma lura ba, saboda yana riƙe da zaren maganar. Na'urar fassara ba ta riƙe da komai, lissafin yiwuwa take yi, kuma abin da aka koya mata na Hausa kaɗan ne, mafi yawansa daidaitacciyar Hausar gidajen rediyo da jaridu. Karin harshen Zamfara da Sakkwato, irin su shina da ɗiya da awa da wagga, sau da yawa sai dai ta yi shaci-faɗi. Wanda ke ganin ƙaramin abu ne ya tuna da wani lebura Bafalasɗine da 'yan sandan Isra'ila suka kama a watan Oktoban 2017, bayan ya sa hotonsa kusa da motar buldoza ya rubuta barka da safiya da Larabci, na'urar Facebook ta fassara shi da umarnin kai hari. An sake shi bayan sa'o'i, kamfanin ya ba da haƙuri. Wannan Larabci ke nan, harshen da aka kashe wa dukiya mai yawa wajen koya wa na'ura. Ina ga Zamfarci?

Wasu masu nazari biyu a Amurka, Alice Marwick da danah boyd, sun yi bayani a 2011 kan abin da zan kira rushewar katangar majalisa. A zaman duniya kowa yana da majalisu daban-daban. Yadda nake magana a teburin mai shayi dabam, yadda nake yi a gaban surukina dabam, yadda nake yi a zauren majalisar jami'a dabam, kuma wannan ba munafunci ba ne, ladabi ne. Shafin sada zumunta ya rushe waɗannan katangu, ya tara mai shayi da suruki da shugaban jami'a a tabarma ɗaya, har da wanda zai ɗauke ka aiki nan da shekara takwas, wanda ba ka ma san da shi ba. Ɗalibina da 'yan garinsu yake magana a ranar da ya yi wancan rubutu, mutanen da su ma aka kwashe musu hatsi, kuma duk sun gane. Bai san akwai wata baƙuwa da za ta shigo majalisar bayan shekaru ba.

Sai batun suna, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin a nan yaron bai rubuta komai ba. Rumbun sunayenmu ƙarami ne. Ka shiga kowane aji a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ka kira Abubakar Muhammad ka ga mutum nawa za su ɗaga hannu. Tun zamanin makarantun boko na farko aka warware wannan ta hanyar liƙa wa yaro sunan garinsu, abin da ya ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Yahaya Gusau. Sunan gari ya zama abin tinƙaho, shaida ce cewa mutum yana da tushe. To amma na'urar bincike ba ta san tushe ba, abin da aka fi rubutawa take kawowa gaba. 'Yankuzo gari ne na manoma mai mazaɓu biyu a ƙaramar hukumar Tsafe, ya fitar da malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa, sai dai jaridun ƙasar nan sun fi saninsa da Ado Aleru, wanda sukan rubuta sunansa haɗe da na garin. Rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladan naira miliyan 5 a kansa a 2020, sa'annan naɗin Sarkin Fulani da aka yi masa a masarautar 'Yandoton Daji a watan Yulin 2022 ya tayar da ƙurar da ta sa gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Duk wannan yana nan jibge a intanet. Sakamakon haka, mutanen da suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsa su ne kuma ke ɗauke da tambarinsa a takardun neman aikinsu. An cuce su a daji, an zo ana tuhumarsu a ofis.

A tuna kuma cewa a ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. An maido wa Gusau a farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku matashin ƙauyen Tsafe ba ya iya cike neman aiki, ba ya iya ganin saƙon gayyata zuwa jarrabawa, sai ya yi tattaki zuwa inda akwai sabis. A daidai lokacin nan duniya tana ta rubutu a kan yankinsa, shi kuwa an rufe masa baki. Wanda ya ce kowa shi ke gina sunansa a intanet, ya zo ya yi wa wannan matashi bayani.

Yanzu bari mu duba yadda abin yake idan ya faɗa kan manya. A watan Afrilun 2021 aka tono tsofaffin karatuttukan Dakta Isa Ali Pantami, yana ministan sadarwa, aka yi ta kiran ya sauka. Ya fito ya ce wasu daga cikin ra'ayoyin ya faɗe su ne yana matashi kuma ya sauya fahimta, fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa ta mara masa baya, ya kammala wa'adinsa. Lauretta Onochie, wadda Shugaba Buhari ya zaɓa kwamishinar INEC a 2020, an tunkare ta da rubuce-rubucenta na goyon bayan APC a gaban kwamitin Sanata Kabiru Gaya, ta kare kanta, kuma da Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da ita a ranar 13 ga Yulin 2021 sai ta kafa hujja da tsarin rabon muƙamai tsakanin jihohi. A watan Agustan 2023 sanatoci suka karanta wa Dakta Bosun Tijani tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter, har da wanda ya aibata su kansu a ciki. Ya tsaya a gabansu ya ce fushi ne ya ɗebe shi, ya nemi afuwa, suka yafe, ya zama ministan sadarwa. Ko Salihu Tanko Yakasai, wanda gwamnatin Ganduje ta sallama a ranar 27 ga Fabrairun 2021 bayan ya caccaki gwamnatin jam'iyyarsu kan sace 'yanmatan Jangebe a nan Zamfara, ya san laifin da aka kama shi da shi, duniya ma ta sani, kowa ya yi nasa alƙalancin.

Ba ina cewa an yi daidai ko an yi kuskure a kowane ɗaya daga cikin waɗannan ba, wannan muhawara ce ta wata rana. Abin lura shi ne dukkansu an gaya musu abin da aka gani, kuma waɗanda ake tantancewa an ba su dama su yi magana. Wadda ta fi kusa da halin talaka a cikin manyan ita ce Maryam Shetty ta Kano, wadda aka miƙa sunanta a matsayin minista a farkon Agustan 2023, shafukan sada zumunta suka yi caa a kanta kwana biyu, aka janye sunan a ranar da ta je majalisa domin tantancewa, wasiƙar janyewar kuma ba ta faɗi dalili ba. Ita ta ɗanɗana sau ɗaya a idon duniya. Dubban matasa suna ɗanɗana irinsa a ɓoye, ba su ma san an yi musu shari'a ba. Abin da suka sani kawai shi ne ba a kira su ba, sai su ce ba rabo, su sake biyan mai shagon intanet su cike wani.

Da a ce wannan leƙe yana fitar da ma'aikaci nagari, da sai mu ce magani ne mai ɗaci. Binciken da aka yi bai nuna haka ba. Farfesa Chad Van Iddekinge da abokan aikinsa sun ba ƙwararrun masu ɗaukar ma'aikata shafukan Facebook na ɗaliban da ke gab da kammala jami'a a Amurka, suka ce su auna su. Bayan ɗaliban sun kama aiki sai aka koma wurin shugabanninsu aka tambayi ƙwazonsu. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna makin da aka bayar daga kallon shafi bai yi hasashen ƙwazon aiki ba. A wani gwajin kuma, Alessandro Acquisti da Christina Fong na Jami'ar Carnegie Mellon sun aika takardun neman aiki fiye da 4,000 masu cancanta iri ɗaya, suka buɗe wa masu neman shafukan da ke nuna addininsu. A yankunan masu ra'ayin riƙau, wanda shafinsa ya nuna Musulmi ne ya samu kira ƙasa da wanda ya nuna Kirista ne. Ke nan abin da mai leƙe ya fi saurin gani shi ne addini da ƙabila da jam'iyya da aƙida, wato ainihin abubuwan da bai kamata su shiga ma'auni ba. A ƙasa irin tamu, inda hoton wa'azin da ka halarta ya isa a gane ɓangarenka, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Dokokinmu ba su yi shiru ba, aiki da su ne ya yi ƙaranci. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda al'ummarsa ko ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ba mutum ikon sanin bayanan da ake riƙe da su a kansa, da neman a gyara kuskure ko a goge, ta sanya addini da ƙabila da ra'ayin siyasa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma hana a bar na'ura ita kaɗai ta yanke wa mutum hukunci mai nauyi. A Turai, tun hukuncin da kotun Tarayyar ta yanke a watan Mayun 2014 a ƙarar da wani ɗan Sifen ya kai Google, mutum na iya neman a cire tsohon labarin da ya daina amfani daga sakamakon binciken sunansa. A Amurka kuwa, wata doka ta 1970 ta tanadi cewa idan mai ba da aiki ya sa wani kamfani ya binciko masa tarihin mai nema, sai da izinin mai neman, kuma kafin a ƙi shi saboda rahoton dole a ba shi kwafi ya gani.

Wannan tanadi na ƙarshe bai kamata ya zama baƙo a Zamfara ba, jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun watan Oktoban 1999. Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san i'izari, wato tambayar da alƙali ke yi wa wanda hukunci zai hau kansa, ko yana da sauran magana, ko yana da suka a kan shaidun da aka kawo. Malaman Malikiyya sun ɗauke shi sharaɗi, kotunan ɗaukaka ƙara kuma sun sha rushe hukunci saboda an tsallake shi. Malaman hadisi ma, waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a binciken halin mutane, galibinsu ba sa karɓar suka a kan wanda aka san shi da adalci sai mai sukar ya bayyana dalilinsa. Wannan shi ne abin da nake nema ga mai neman aiki, kuma ba ya cin ko sisin kwabo. A rubuta a tallar aikin cewa za a duba shafukan da ke buɗe ga kowa. A yi duban bayan an gama ganawa, domin kada hoto ya riga cancanta shiga zuciyar mai tantancewa. A tabbatar shafin na mutumin ne, ba na takwaransa ba. Idan rubutun da Hausa ne, Bahaushen da ya san karin harshen yankin ya karanta shi, ya kuma karanta abin da ke sama da ƙasansa. Idan bayan duk wannan akwai abin da ya tsaya a rai, a kira mai shi a ajiye masa a gabansa a ce mene ne wannan. Minti biyar sun isa. Mai gaskiya zai warware, marar gaskiya kuma a nan zai ƙara tona kansa. Hukumar Kula da Ma'aikata ta Jihar Zamfara da jami'o'inmu da ƙungiyoyin agajin da suka cika Gusau za su iya mai da wannan ƙa'ida a rubuce ba tare da jiran Abuja ba.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matasanmu suna da nasu kason. Na sha ganin ɗalibi mai basira ya mai da kansa karen farautar ɗan siyasa saboda kuɗin data, yana zagin sa'an mahaifinsa da cikakken sunansa da hotonsa. Wasu kaɗan cikinsu akan saka musu da muƙamin mataimaki na musamman, shi ya sa sauran ke ganin sana'a ce. Abin da ba su lissafa ba shi ne 'yan siyasar kan shirya a ɗaki guda cikin dare ɗaya, su sauya jam'iyya, su haɗa 'ya'yansu aure, zagin kuwa yana nan da sunan yaron. Kamun da aka yi wa wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a watan Nuwamban 2022, kan jimla ɗaya da ya rubuta da Hausa game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin watanni kafin haka, ya isa ya nuna cewa rubutun Hausa ma ana karanta shi a sama. Nakan gaya wa ɗalibaina na ajin ƙarshe su rubuta sunansu a Google su ga abin da baƙo zai gani, su kuma sa wani abu na kirki a wurin, ko da taƙaitaccen bayanin kundin digirinsu ne. Mu malamai ma da laifinmu, muna koyar da rubutun wasiƙar neman aiki kamar muna 1985, alhali wasiƙar da za a fara karantawa yaron ya daɗe da rubuta ta a wayarsa. Sai dai ina jin tsoron kada wannan nasiha ta wuce gona da iri, ta haifar mana da matasa masu tsoron faɗin cewa an sace musu shanu. Idan ɗan 'Yankuzo ya yi shiru kan abin da ke faruwa a 'Yankuzo domin kare takardunsa, ban san wanda ya rage ya faɗa ba.

Watanni bayan wancan zama, ɗalibin nawa ya zo ofishina in rubuta masa takardar shaida, zai nemi wani aikin a Kaduna. Ban gaya masa abin da ya faru a kwamiti ba, amma ashe labari ya kai masa. Ya ce ya goge shafin gaba ɗaya, har da hotunan mahaifinsa da ya rasu, domin bai san yadda ake ware su ba. Da ya miƙo mini takardunsa sai na ga wata sabuwa a sama, takardar rantsuwa ce daga kotu, haɗe da yankakken shafin jarida na sanarwar canjin suna. Ya cire 'Yankuzo ya sa sunan kakansa. Ya ce abin da ya rage masa shi ne gyaran lambar NIN, ya je ofishin sau uku ana ce masa babu sabis, ya tambaye ni ko na san wani a can.